Zuƙau da Rawanin Maccido

A duk faɗin Illela ban san mutumin da ya kai Maccido sanin abin da bai taɓa gani ba. Damina ɗaya tak ya yi a Ƙonni yana dakon kayan wani Bafaranshe, amma tun da ya dawo sai ka rantse shi ya yi renon Turawan duniya. In aka yi zancen agogo, ya taɓa gyarawa. In aka yi zancen jirgin ƙasa, wanda ko hayaƙinsa ba a taɓa gani a ƙasar Sakkwato ba, ya san ta inda ake ba shi ruwa. Matarsa Lubabatu ta daɗe da daina gardama da shi, sai dai ta ce "to" ta ci gaba da dakanta.

A shekarun nan ba a daɗe da kafa duwatsun iyaka ba. Nasara suka gina bariki a bayan gari, ɗakunan laka da rufin ciyawa, inda Baturen rangadi yake sauka. Mutanen gari sun raɗa masa Mai Atishawa, don ko tsintsiya aka ɗaga a gabansa sai ya yi ta atishawa har idanunsa su kaɗa. Yana da wata darduma mai kauri da ya zo da ita daga ƙasarsu, ya shimfiɗa a barikin, ya hana a sa mata tsintsiya. A zuwansa na ƙarshe sai ya bar wani inji. Akwatin katako ne da zugazugi a ciki irin na maƙera, da sanda a sama wadda ake turawa gaba da baya, da doguwar mesa mai faffaɗan baki, da jakar zane a ciki inda datti yake taruwa. Mutum ɗaya na zuga, ɗaya na jan bakin mesar a kan darduma. Kafin ya hau doki ya gaya wa Wakili Attahiru, mai riƙe da garin a madadin Hakimi, cewa Sarkin Bariki ya tsufa, a nemo wanda ya iya aiki da injin a naɗa shi kafin ya dawo.

Sarautar bariki ba wata babba ba ce. Amma akwai rawani, akwai zama a inuwa mutane na wucewa suna faɗuwa suna gaisuwa, kuma abin da Maccido yake mafarki ke nan tun yana ɗaukar kaya a ka. Labarin bai gama zaga gari ba ya riga ya durƙusa a zauren Wakili.

"Ranka shi daɗe, wanga ai Zuƙau na," in ji shi. "Can Ƙonni ni ka ba shi abinci."

"Ka taɓa aiki da shi?" Wakili ya tambaya.

"Taɓawa? Ranka shi daɗe, wanda niy yi aiki da shi uban wanga na. Wanga ko yaye shi ba a yi ba."

Rashin sa'ar Maccido, Hajjo tana zauren, ta zo kan wata rigimar rumfa. Ita ce shugabar masu awon hatsi a kasuwa, mace ce ƙatuwa mai murya, wadda in ta yi raɗa a bakin kasuwa ana ji a mahauta. Ta gyara zama ta dubi Wakili.

"Wakili, kak ka naɗa mutum bisa hwaɗin bakinai. Kowa na da baki. A zuba ma dardumag ga tiya guda ta rairai, a tattake shi shi shige, shi ja ƙarhenai, mu auna abin da yah hito. In tiya ta cika, a naɗa shi. In ba ta cika ba, shi koma dako."

Tiya ita ce ƙwaryar awonta, wadda duk Illela babu mai musu da ita. Wakili ya shafa gemu, dabarar ta yi masa. Ya ce ran kasuwa, a gindin tsamiyar ƙofar bariki, gaban kowa.

"Tiya guda?" Maccido ya yi dariya. "Inna Hajjo, kin rena shi. Ku zuba buhu."

Daga zauren bai zarce gida ba, sai rumfar masu tufafi. Ya sayi farin rawani mai tsawo, ya biya ta wurin masu hatsi ya auno geron furar naɗi, ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai kamar an riga an busa masa algaita. Lubabatu ta dubi rawanin, ta dubi geron, ta dube shi.

"Maigida, wa anka naɗa?"

"Za a naɗa."

"To ka bari a naɗa ɗin mana."

"Ke dai ki jiƙa hatsi ran kasuwa. Kuma ki hwara koyon tahiya a hankali, matar sarki ba ta sauri."

Ta ce "to". Geron dai ba ta jiƙa ba.

Da yake injin na mutum biyu ne, Maccido ya ɗauko Idi maƙeri ya zuga masa. Idi mutum ne da bai cika magana ba, in ka ce ya zuga zai yi ta zugawa har sai ka tuna ka ce ya bari. Wakili ya ba su izini su gwada, suka shiga bariki da hantsi. Maccido ya zaga injin yana ƙwanƙwasa shi da yatsa yana gyaɗa kai. Akwatin yana da kafa biyu, ya zaɓi wadda ta fi yi masa kyau ya cusa mesa. Ya watsa ƙasa cikin tafin hannu a kan darduma, ya taka, ya sunkuya ya kai fuskarsa dab da bakin mesar don ya ga yadda za ta shige.

"Zuga!"

Idi ya zuga. Ashe kafar da iska ke fita ce. Ƙasar nan ta taso gaba ɗaya ta cika masa ido da hanci da gemu, ya yi baya ya zauna daɓas yana tari.

"Gaisuwa ta," in ji shi, yana murza ido. "Haka sukai in sun ga wanda sunka sani."

Suka mayar da mesar ɗaya kafar. A nan kam injin ya ja. Ƙasar da ke sama-sama ya lashe ta tas, har Maccido ya fara yi wa kansa kirari. Amma wadda aka taka ta shige cikin gashin darduma ko gezau. Suka yi ta fama har rigar Idi ta jiƙe, da suka buɗe jaka abin da ke ciki bai cika cokalin koko ba. Maccido ya leƙa jakar, ya sake leƙawa. Ya tuna rawani, ya tuna gero, ya tuna irin dariyar Hajjo.

"Ba shi kai tiya," in ji Idi.

"Baƙunta ta ka damunai. Ran kasuwa shina ci."

Ran kasuwa da safe, da Lubabatu ta tafi rijiya, Maccido ya zaga bayan ɗaki wajen turken akuyarta, ya sa hannu biyu ya yi ta kwasar ƙasa yana zubawa a tsohon buhu. Sauri yake, bai tsaya duba abin da yake kwasa ba. Ya bi ta bayan gari ya shiga bariki, ya buɗe akwatin ya juye a jaka. Ya duba ya ga kamar ba za ta cika tiya ba, ya ƙara. Ya rufe, ya kai ƙofa, zuciyarsa ta ce masa tiyar Hajjo fa zurfi gare ta, ya dawo ya juye sauran duka. Maccido bai taɓa yin abu daidai kima ba a rayuwarsa, ba kuwa ranar zai fara ba. Ya naɗe rawaninsa ya cusa a hammata ƙarƙashin riga, don kada a ce a naɗa a tsaya jiran a aika gida.

Kafin azahar gindin tsamiya ya cika. Fataken Ƙonni sun ɗaure jakunansu sun matso, mutanen Tozai da na Garu sun bar cinikinsu, masu tallar nono sun sauke ƙore. Lubabatu tana can gefe cikin mata da tulunta. Aka fito da darduma aka shimfiɗa a kan tabarmi, aka ajiye Zuƙau a gefenta, Wakili ya zauna a kan buzu.

Hajjo ta zo da nata rairayin. Fari ne sol, daga ƙoramar gabas ta sa aka ɗebo, ta tankaɗe shi da rariya da hannunta. Ta cika tiya, ta shafe bakin da tafin hannu, ta ɗaga ta nuna gabas da yamma. Ta barbaɗa shi a kan darduma daga wannan baki zuwa wancan. Da aka ce a nemo masu takawa sai ta ce ba ta yarda da ƙafar kowa ba, ta tuɓe takalmi ta hau da kanta. Ta yi ta kai da komowa tana dirka dunduniya, har rairayin ya ɓace ƙurmus kamar ba a zuba ba.

"A buɗe jakar mu ga cikinta tukuna," in ji Wakili.

Maccido ya yi tsalle ya tare akwatin da jikinsa. "Ranka shi daɗe, ba a buɗe cikinai gaban jama'a tun bai ci ba. Kunya gare shi. In anka kunyata shi ba shi ja."

Wakili ya dube shi daga sama har ƙasa. Sannan ya yi wani guntun murmushi ya ce to, a bar shi da kunyarsa.

Idi ya kama sanda. Maccido ya naɗe hannun riga ɗaya, ɗayan kuwa ya matse shi a jiki saboda abin da ke hammata, ya shiga jan bakin mesa. Injin na fuu-ƙwat, fuu-ƙwat, shi kuma yana tafe yana bayani, yana nuna wa fatake yadda ake karya wuyan hannu irin na Faransa. Da ya kai ƙarshen darduma ya dawo, sai ya ɗaga hannu, ya buɗe akwatin ya ciro jaka. Da ƙyar ya ɗaga ta.

Hajjo ta tara tiya, ya fara zubawa. Tiya ta kai rabi, jama'a suka ce "Kai!" Ta cika, suka ɗauki sowa. Ta yi tozo ta fara zuba ƙasa, jaka kuwa ba ta ko rame ba. Sowar ta fara raguwa. Hajjo ta juye a tabarma ta sake tarawa, ta biyu ma ta wuce rabi kafin jakar ta ƙare.

"Maccido," in ji Hajjo a hankali, abin da ba a saba ji daga bakinta ba, "tiya guda niz zuba."

"Haka na, Inna."

"Kuma hwari niz zuba. Wanga ja na."

"Zahin ciki na. Ki sa hwarin nama ga wuta ki gani in ba shi sake kama."

Hajjo ta sa yatsa ta tona, ta ɗago wani abu baƙi ƙanƙane ta kai shi gaban hancinsa. "Wanga hwa? Shi ma zahi na?"

Kashin akuya ne, kuma ba ɗaya ba. Maccido ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu kamar mai duba dutsen zobe.

"Na Ingila na," in ji shi. "Tun can yam maƙale cikin darduma. Ku duba ƙanƙantarshi, awakinsu ba su kai namu ba."

A nan ne fa ya kamata Maccido ya faɗi ƙasa ya ce a yafe masa. Da an yi dariya an watse. Amma Wakili ya tambaye shi, da fuskar nan tasa ta mai neman ilimi, yadda aka yi tiya ɗaya ta zama kusan biyu, sai bakin Maccido ya riga hankalinsa.

"Ranka shi daɗe, ban so in hwaɗi ba don kak a yi rububi. Haihuwa shikai. Abin duk da yac ci, shina maido shi da riba."

Kasuwa ta ruɗe. Wani makiyayi, Jalo, ya kutso da sandarsa yana tambaya ko maraƙi zai shiga bakin mesar. Masu goro suka fara kwance huhu. Hajjo kanta, da duk wayonta, sai da idanunta suka yi ƙyalli, ta fara lissafin rumbunanta.

"Hatsi hwa?" in ji Wakili.

"Shi yaf hi so, ranka shi daɗe."

"Madalla. An ce ka auno hatsin hurar naɗi. A ɗauko shi. In ya haihu, ka ga hura ta ishi kowa."

"Wakili, hatsin gidana na!" Lubabatu ta ɗaga murya daga cikin mata. "Maigida, ka yi magana mana!"

"Ke yi kurum," in ji Maccido. "Yau rumbu za ki nema."

"In ya haihu ni ka biye," in ji Hajjo. "Kowa shi ji, ni nir riga."

Aka kawo geron. Hajjo ta auna tiya, ta barbaɗa a kan dardumar Bature, ta sake hawa ta tattake, wannan karon har da ɗan rausaya. Maccido ya mayar da jakar da babu komai a cikinta sai ragowar jar ƙasa, ya kama mesa. Gero ya fara shiga ɗai-ɗai yana ƙaras-ƙaras a cikin mesa. A irin wannan tafiyar sai an yi sallar magariba ba a cika ludayi ba.

"Zuga, Idi! Zuga da ƙarhi! Kak ka tsaya sai na ce!"

Idi ya zuga kamar zai narka ƙarfe. Maccido ya duƙa ya kama mesa da hannu biyu, ya manta da hammata. Rawani ya sulluɓo ta ƙasan riga, ya faɗi a kan darduma, ya warware ya yi ta gungurawa har gaban buzun Wakili.

"Ashe an riga an naɗa ba mu ji tambari ba!" wani bafatake ya ce. Dariyar da aka danne tun ɗazu ta fashe.

Maccido ya kai hannu zai janye rawaninsa, bakin mesa ya riga shi. Ya cafke jelar rawanin ya haɗiye kamu guda ya toshe. Maccido na ja, Zuƙau na ja. Idi kuwa ba a ce ya tsaya ba, saboda haka bai tsaya ba. Akwatin ya yi wani nishi, ya yi na biyu, sai fatar zugazugin ta yage ɓarrr, sanda ta tafi gaba babu nauyi, Idi ya bi ta ya kife a kan akwatin. Maccido ya yi baya da rawaninsa a hannu ya faɗa cikin tarin jar ƙasar da ya kawo da kansa.

Da ƙura ta lafa aka zazzage jaka. Geron da ke ciki bai fi cin tattabara ba, shi ma ya cakuɗe da ƙasa. Hajjo ta dubi ɗan geron nan, ta tuna ta ce ita ke biye a gaban duk kasuwa, sai haushi ya turnuƙe ta.

"A rataye dardumag ga!" ta daka tsawa. "A ba ni sanda!"

Aka rataye ta a reshen tsamiya, aka shimfiɗa tabarma a ƙasa. Hajjo ta karɓi sandar Jalo ta shiga jibgarta, kowane duka da sunan Maccido. Farin rairayi da gero suka yi ta zubowa. Ta tattara rairayin da ya taru a ƙasa ta zuba a tiya, ya tsaya kaɗan ƙasa da baki.

"Ga nawa, hwari tas, can yak kwana. To wancan ja na wa?"

"Na akuyata na," in ji Lubabatu. Ta ajiye tulu ta matso. "Na dawo rijiya na iske rami bayan turke, har ina zagin karen maƙwabta. Allah shi ba karen ga haƙuri."

Wakili ya bari aka gama dariya, shi ma sai da ya goge ido da bakin riga. Sannan ya tuna Mai Atishawa na nan tafe, ga injinsa a yage, ga dardumarsa ta sha gero. Dariyar ta ɗauke masa.

"Wa ka iya ɗunke hwatag ga?"

"Zugazugi na," in ji Idi, yana murza goshi. "Ina ɗunkewa."

"To kai as Sarkin Bariki. In Bature ya yi hushi, kai za shi tambaya."

Idi ya ce shi maƙerarsa ta ishe shi, ba a saurare shi ba. Wani ya ce ai ga ma rawani a kusa, a karɓa a naɗa masa. Lubabatu ta fizge shi daga hannun mijinta ta cusa a cikin zane.

"Wanga da aikinai," in ji ta. Ta sa aka kwashe mata geronta da rairayin da komai, ta ɗora a ka ta yi gaba.

Kashegari ta wuni tana rege gero a ƙwarya, tana zubar da rairayi. Da ta gama ta shimfiɗa farin rawanin nan tsawonsa a ƙofar gida, ta baza geron a kai ya sha rana, ta miƙa wa Maccido kara ta nuna masa inda zai zauna. Yana nan zaune sai ga makaɗa sun biyo ta hanyar, Idi a tsakiyarsu da rawanin aro ya karkace masa a ka, fuskarsa kamar wanda za a kai gidan yari. Mutane suka rage tafiya suna kallon rawanin da ke ƙasa da mai gadinsa. Wallahi ya ba ni tausayi, na ɗan lokaci.

"Ni nib bar mishi," Maccido ya gaya musu, yana kaɗa kara. "Sarautar bariki wahala ta. Can Ƙonni har ta gari guda anka ba ni, nic ce..."

"Maigida!" Lubabatu ta kira daga cikin gida. "Kaji!"

Ya waiwaya. Kaji uku sun hau rawanin suna ci.